Ƙibar yaro: kyan goyo ne, ko ciwon suga ke jiran sa a gaba?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sani a cikinmu ku taimaka min da bayani, raina ya ƙi kwanciya tun shekaranjiya. Ɗana na biyu shekararsa 9, nauyinsa kilo 52. Na kai shi asibiti saboda zazzaɓi, likitar ta rubuta magani nan da nan, sai ta tsaya tana duba bayan wuyansa. Wurin ya yi baƙi, fatar ta yi kauri ga laushi, haka ma hammatarsa. Mu duk gidan dauɗa muka ɗauka, an cuɗa da soso har ya gaji da kuka, bai fita ba. Ta ce ba dauɗa ba ce, a kawo shi da safe kafin ya karya a auna sugansa da jininsa. Ta kuma ce in ƙibar nan ta bi shi har girma ana jin masa tsoron ciwon suga da ciwon zuciya. Da na faɗa wa surukata sai ta ce likitocin yanzu ba su da aiki sai tayar wa mutane hankali, yaro lafiyayye sumul a ce za a sa masa ido a abinci. Shin da gaske ne ƙibar ɗan shekara 9 tana da alaƙa da ciwon da zai same shi yana ɗan 40?

Hajiya Iya:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki kwantar da hankalinki. Mu da muka yi goyo tun ba a haife ku ba, rama muka sani abin tsoro. Yaro ya yi kumatu ya yi ɓul-ɓul sai ki ji ana cewa uwarsa ta iya goyo, nononta mai kyau ne. Ƙibar ƙuruciya ce, da ya fara miƙewa za ta zube da kanta. Allah ya raya mana shi.

Abu Hanif:
Amin Hajiya. Ni kam, ba don na raina damuwar Maman Ilham ba, yana min nauyi in ji ana zancen ƙibar yara a Arewa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Masu nauyi fiye da kima kashi 2 kacal. Ku leƙa cibiyoyin kula da masu tamowa a Katsina ko Maraɗi ku ga abin da ido ba ya son gani. Wannan damuwar mutanen Amurka ce, mu ba mu ƙoshi ba tukuna.

Anti Likita:
Maman Ilham, likitar nan ta yi abin da ya kamata, ki kai shi awon kada ki ɗaga. Wannan baƙin wuya mun san shi sosai a ɗakin duba yara. Yawanci alama ce cewa sinadarin insulin ya yi yawa a jinin yaro. Bari in ɗan tsawaita, don daga nan komai ya taso.

Duk abin da muka ci na tuwo, shinkafa, burodi ko lemo, jiki yana mayar da shi suga ya shiga jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da muke kira fankiriyas, ita ke fitar da insulin, shi kuma shi ke sa tsoka da hanta su karɓi sugan su yi aiki da shi ko su adana. Idan kitse ya taru, musamman na cikin ciki wanda ke lulluɓe hanji da hanta, sai tsoka da hanta su daina jin maganar insulin yadda suka saba. Sai fankiriyas ta ninka aiki, ta riƙa zubo shi fiye da kima don suga ya tsaya daidai. Shi ya sa ana iya auna sugan yaro a ga lafiya lau alhali a ciki ana fama. Kamar janareto ne da aka ɗora wa firji da dutsen guga da injin jan ruwa a lokaci guda: wuta ba ta ɗauke ba, amma kowa na jin gurnaninsa, kuma kowa ya san ba zai daɗe a haka ba. Ranar da fankiriyas ta gaza ita ce ranar da ake cewa wane ya kamu da suga, alhali abin ya shekara da shekaru yana tafiya. Yawan insulin ɗin nan ne kuma ke sa fatar wuya ta yi kauri ta yi baƙi.

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki gaskiya ce a kan jarirai. Jaririn da ya yi ɓul-ɓul da nonon uwa sau da yawa yana fara tafiya sai ya zube, kuma ba ma hana shi nono. Amma ɗan shekara 9 ya wuce nan. A 2016 masana sun haɗa bincike 15 da aka bi yara sama da 200,000 har suka girma. Kusan kashi 55 cikin 100 na yara masu ƙiba sun shiga balaga da ita, kuma kusan kashi 80 na matasa masu ƙiba sun zama manya da ita.

Maman Ilham:
Inna lillahi. Anti, na gane na suga. To ita zuciya me ya kawo ta ciki? Ni a tunanina ciwon tsofaffi ne.

Anti Likita:
A tsufa yake bayyana, amma ba a nan yake farawa ba. Akwai wani ƙaramin gari a jihar Luwiziyana ta Amurka, sunansa Bogalusa, inda tun farkon shekarun 1970 wani likitan zuciya, Gerald Berenson, ya fara auna 'yan makaranta, farare da baƙaƙe, yana bin su shekara bayan shekara. A 1998 suka fitar da sakamakon duba gawarwakin mutum 204 masu shekara 2 zuwa 39, galibinsu haɗari ko kisa ne ajalinsu. Sun sami kitse ya riga ya fara shimfiɗuwa a bangon jijiyoyin jini tun a yara. A cikin waɗanda aka taɓa aunawa suna raye, duk wanda ya fi ƙiba da hawan jini da maiƙon jini, nasa ya fi yawa. Wannan kitsen ne a hankali yake taurara, hanyar jini ta ƙuntata, wata rana ta toshe. In a zuciya ta toshe, bugun zuciya. In a ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki.

A Isra'ila ana auna matasa 'yan shekara 17 kafin shiga soja. An bi bayanan mutum miliyan 2.3 da aka auna daga 1967 zuwa 2010, aka ga masu ƙiba sun fi marasa jiki haɗarin mutuwa da toshewar jijiyar zuciya kusan ninki 5.

Abu Hanif:
Anti, da girmamawa, kin ga abin da nake faɗa. Amurka, Isra'ila. Mutanen da suka gaji ƙoshi kaka da kakanni. Ina ruwan ɗan Malumfashi da aka yaye da kunu tsurarsa da wannan lissafi?

Ɗan Damagaram:
Yaya Abu Hanif, a nan ne zan saɓa maka, kuma abin da ka kawo hujja shi ne ya fi ba ni tsoro. Ina karatun kiwon lafiyar al'umma, wannan batu ya daɗe yana cin raina. A shekarun 1980 wani masani a Ingila, David Barker, ya tono tsofaffin rajistocin haihuwa na yankin Hertfordshire, ya ga waɗanda aka haifa ba su da nauyi su suka fi mutuwa da ciwon zuciya a girma. Ka ce Turawa ne, to mu tafi Indiya. A Delhi an bi mutum kusan 1,500 tun daga haihuwa, aka auna sugansu suna shekara 26 zuwa 32, sakamakon ya fito a 2004. Waɗanda suga ya fara kamawa, yawancinsu sirara ne har shekara 2, daga baya nauyinsu ya riƙa hawa da sauri.

Ma'anarsa, jikin da ya fara rayuwa cikin yunwa tun a ciki yana ginuwa ne da shirin ƙaranci, tsokarsa kaɗan, gaɓoɓinsa ba su cika ba. In daga baya aka dawo birni, samu ya ɗan zo, aka cika shi da lemo da soye-soye, ya fi saurin karyewa a kan wanda ya taso da ƙoshi. Yaran da kake gani a cibiyar tamowa yau, in Allah ya raya su, su ne za su zo Kano da Zinder neman kuɗi su yi teɓa a shekara 30. Matsala ɗaya ce mai kai biyu. Ni na sha ganin gida ɗaya, uwa tana fama da ƙiba da hawan jini, ɗan da ke bayanta ya tsumbure.

Abu Hanif:
Wannan ban taɓa jin sa ba, kuma ya shige ni. Amma har yanzu ina nan a kan cewa in kuɗin gwamnati ɗaya ne, a fara da mai yunwa.

Ɗan Damagaram:
A wannan ba mu da saɓani. Ciyar da mai ciki da jariri yadda ya kamata shi ne rigakafin suga na farko. Sai dai hana lemo a akwatin abincin yaro ba ya cin ko sisin gwamnati. Kuma abin yana gudu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 2 cikin 100 na masu shekara 5 zuwa 19 ke da ƙiba, a 2022 ya kai kashi 8, wato yara da matasa miliyan 160. Adadin da ka kawo na ƙasa baki ɗaya ne, na 'yan ƙasa da shekara 5. Ka tsaya ƙofar makarantar kuɗi a Kano ko Kaduna lokacin tashi ka ƙirga da idonka.

Hajiya Iya:
To ni dai abin da na sani, akwai gidan da ƙiba jininsu ce. Uwa da jiki, uba da jiki, kaka haka. Suga ma gado ne. Abin da Allah ya rubuta a jini, yaya za a yi da shi?

Ɗan Damagaram:
Ranki ya daɗe, gado gaskiya ne, babu mai musu. Amma ga wani misali. Akwai wata ƙabila, Pima, wani ɓangarensu na jihar Arizona ta Amurka, wani na kan duwatsun Sonora a Meziko. Asalinsu ɗaya. Na Meziko suna noma da hannu suna cin abin da suka shuka, na Arizona sun koma abincin kanti da zaman mota. A binciken da ya fito a 2006, kashi 38 cikin 100 na manyan Pima na Amurka suna da suga, na Meziko ba su kai kashi 7 ba. Jini ɗaya, zama daban. Gidan da aka san akwai gado su ya fi kamata su kula tun yara na ƙanana.

Baban Sadik:
Tun ɗazu nake karantawa ina ja da baya, amma bari in yi magana ko wani zai amfana. Ni ne yaron nan da ake nunawa a unguwa a ce kai, wannan gidansu akwai ci. Mahaifina ɗan kasuwa ne, in ya dawo da dare ledar tsire da lemo tawa ce, don ni ne auta. Ban taɓa ramewa ba har na yi aure. Ina shekara 34 na fara tashi fitsari cikin dare ba iyaka, ga ƙishirwa, na sha randa ba ta kashe ta. Wani ƙurji ya fito min a ƙafa ya ƙi warkewa, a nan aka gano. Yanzu ina shan maganin suga da na hawan jini, kuma an ce a riƙa duba min ƙoda da ido duk shekara. Kuɗin magani kowane wata sai na cire shi kafin in yi cefane. Iyayena ƙauna ce ta sa su, ban taɓa ganin laifinsu ba, a lokacin ba wanda ya gaya musu. Kuma baƙin wuyan nan da Maman Ilham ta faɗa ina da shi tun ina firamare. Malamai kan tsayar da ni a gaban aji wai ba na wanka.

Hajiya Iya:
Allah sarki. Allah ya ba ka lafiya ɗana, ya sa kaffara ne.

Maman Ilham:
Amin. Baban Sadik ka sa ni kuka wallahi. Daga yau na yanke masa abincin dare, safe da rana kawai. Ko surukata za ta yi fushi sai dai ta yi.

Anti Likita:
A'a, a'a, Maman Ilham, kada ki yi haka don Allah. Yaro yana girma, ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa suna buƙatar abinci. In kika hana shi zai koyi ci a ɓoye, ya je maƙwabta, ya riƙa jin kunyar kansa. Ki saurari wannan, don shi ne ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci.

A Denmark an bi maza 62,565 da aka auna suna shekara 7, da 13, da kuma farkon samartaka. Sakamakon ya fito a 2018. Waɗanda suke da nauyi fiye da kima a shekara 7 amma suka daidaita kafin 13, haɗarin suga a kansu daidai yake da na waɗanda ba su taɓa ƙiba ba. Waɗanda abin ya bi su tun daga 7 har samartaka, nasu ya ninka kusan sau 4. Wani binciken na 2011 ya haɗa mutum 6,328 daga Amurka da Ostireliya da Finland, an bi su kimanin shekara 23. Mai ƙiba tun yarinta har girma haɗarin sugansa ya haura ninki 5, hawan jini kusan ninki 3. Amma wanda ya rabu da ita kafin ya girma ya dawo sahun kowa. Ɗanki shekara 9 yake. Ƙofa a buɗe take, kuma yanzu ta fi sauƙi, domin lokacin balaga jiki kan ƙara taurin kai ga insulin ko da a yaro marar ƙiba.

Ga yara irin nasa sau da yawa ba ma neman kilo ya sauka da sauri. Muna so nauyin ya tsaya ko ya rage gudu, tsawo ya cim masa. Ki fara da abin sha. Kwalbar lemo ta 50cl tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wajen cokalin shayi 12. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce abin da ya fi alheri kada a wuce kimanin giram 25 a yini, cokali 6. Kwalba ɗaya ta ninka shi. Lemon kwali na yara da madarar roba mai zaƙi duk tafiyarsu ɗaya. Sai faranti: a rage tudun shinkafa ko tuwo, a ƙara miyar ganye, wake, ƙwai, kifi, zogale, kabeji. Ya yi wasan da zai sa shi gumi na awa 1 kullum, ya yi barcin awa 9 zuwa 12. In yana minshari mai ƙarfi ki gaya wa likitar.

Kuma gidan gaba ɗaya ne zai canza. Ba zai yiwu Ilham na shan lemo a gabansa shi a miƙa masa ruwa ba.

Ga sauran iyaye, ga awon da ba ya buƙatar sikeli, ga yaro daga shekara 5. Ku samu igiya ku auna tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ku yanke, ku ninka biyu, ku zagaya cikinsa ta wajen cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, a je a gwada shi a asibiti.

Wani abu kuma kada a ruɗe: akwai nau'in suga na ɗaya, wanda ba ruwansa da ƙiba. Yaro ya riƙa ramewa, ga ƙishirwa ga yawan fitsari, har ya koma fitsarin kwance. Wannan a ranar ake kai shi asibiti, ba a kwana.

Ummu Aisha:
Ina so in ƙara a kan maganar kunya. Ina zaune a Ingila, a nan ana auna tsawo da nauyin yara a makaranta sau biyu, suna shekara 4 zuwa 5, sannan 10 zuwa 11, amma sakamakon iyaye ake aika wa, ba a karanta shi a gaban aji. Mu a gida fa? Lukuti, tulu, buhun masara, kuma daga bakin ƙannen uwa da yayye, ana dariya. Ina da ƙanwa da aka yi wa haka har ta daina fita wasa, ta daina zuwa biki, sai ɗaki da ci. Zolayar ba ta rage mata ko giram ɗaya ba, ƙara mata ta yi. Maman Ilham, kada ki ce masa ya yi ƙiba. Ki ce likita ta ce gidanmu duka mu gyara cin abinci. Surukarki kuma ki tafi da ita asibitin ta ji da kunnenta. Abin da ba za ta karɓa daga bakinki ba za ta karɓa daga mai farar riga.

Malam Na Tudu:
Madalla da wannan zama. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da mu kasa ciki uku: abinci, abin sha, numfashi. Mu koma abincinmu na gargajiya, fura da nono, kunu, zoɓo, a sa zuma maimakon sukari, an huta.

Anti Likita:
Allah ya gafarta Malam, na yarda da rabin farko ɗari bisa ɗari, kuma manyan gida ne za su fara nunawa yara su gani. Na biyun yana da gyara. Fura da nono abinci ne mai kyau, amma ka duba cokali nawa na sukari ake zubawa a kwano guda. Zoɓon da ake ƙullawa a leda wani ya kai lemon kwalba zaƙi. Zuma kuwa waraka ce ba shakka, sai dai in aka kwarara ta a kunu kullum jini zai karɓe ta a matsayin suga, kuma Hukumar Lafiya ta lissafa ta cikin cokali 6 ɗin nan. Jaririn da bai shekara ba ma ba a ba shi zuma sam. Gero da dawa da ba a surfe su tas ba sun fi farar shinkafa da fulawa, wannan kam haka ne.

Malam Na Tudu:
Na karɓi gyara, Likita. Allah ya ƙara ilimi.

Mai Kemis:
Ni ga abin da ke ƙona min rai a shago. Uwa ta shigo da yaro lafiyarsa ƙalau, yana tsalle-tsalle, ta ce a ba ta maganin ƙiba wai dangin miji na cewa ba ta kula da shi. 'Yan mata kuma sha-ka-fashe suke nema kafin biki. Abin da ake haɗawa galibi siproheptadin ne, mai buɗe ciki da sa barci, da deksametason. Shi deksa kumbura fuska yake, ya tara kitse a ciki da doron wuya, ya hau da suga da jini, ya raunana ƙashi, a yaro ma har tsawo yana hanawa. Na kan ƙi sayarwa in yi bayani, sai ta fita ta shiga shagon gaba. Wanda kuma ya daɗe yana sha kada ya yanke lokaci guda, ya je asibiti a sauke shi a hankali.

Malama Zulai:
Ni malamar aji uku ce, bari in faɗa muku abin da nake gani in an buɗe akwatunan abinci ƙarfe goma. Indomi, soyayyen dankali, biskit, cincin, lemon kwali ɗaya ko biyu. Yaron da aka zubo wa ɗanwake ko dafa-duka da wake ɓoyewa yake yana ci a lungu, don 'yan aji za su ce abincin talakawa ne. Makarantarmu gidan haya ce aka mayar azuzuwa, filin wasa bai fi tsakar gida ba. A-daidaita-sahu ya ɗauko su daga ƙofar gida, ya mayar da su, su ci abinci, Islamiyya har kusan magariba, a dawo a karɓi wayar uwa. Yaushe yaron nan ya yi gudu? Mu da ƙafa muka je makaranta, muka yi langa da 'yar gala-gala da ɗan akuyana har a kira isha. Yanzu iyaye na tsoron barin yara waje, kuma ba zan ga laifinsu ba da halin tsaron da ake ciki. Saboda haka in aka ce uwa ce ta yi sake, ban yarda duka ba.

Ɗan Damagaram:
Gaskiyarki Malama. Kuma kada masu siraran yara su saki jiki: a binciken 2016 da Anti ta kawo, kusan kashi 70 cikin 100 na manya masu ƙiba ba su da ita suna yara. Akwatin nan da kika kwatanta yana koya wa kowane yaro ɗabi'ar da zai girma da ita, ko jikinsa ya nuna yanzu ko bai nuna ba.

Abu Hanif:
To a nan ne nake ganin aikin hukuma. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi a Najeriya. Naira 10 yanzu ko ruwan leda ba ta saya, wa zai fasa shan lemo saboda ita? Meziko ta sa nata a 2014, saye ya ragu. Ingila ta fara nata a 2018 bisa yawan sukarin da ke cikin abin sha, kamfanoni da kansu suka rage sukarin don su kauce wa biya. In za a ƙara namu, ni sharaɗina kuɗin ya tafi cibiyoyin tamowa da abincin makarantun gwamnati, a gan shi a ƙasa.

Malama Zulai:
Kafin hukuma ta motsa, ina so in kai maganar taron iyaye da malamai na ƙarshen wata, a hana shigo da lemo cikin akwati, a ware rabin awa na guje-guje ko da a layin bayan makaranta ne malamai na tsaye. Abin da ya tsaya min shi ne matan da ke talla a bakin ƙofa. Biyu daga cikinsu zawarawa ne, da alawa da zoɓon nan suke ciyar da marayu. Ba zan iya tashi in ce a kore su ba.

Baban Sadik:
Kada a kore su Malama. A zauna da su a canza kayan: dafaffen ƙwai, gyaɗa, aya, goba, yalo, ɗanwake, zoɓo mai ɗan sukari kaɗan. In jari ne matsalar, iyaye su yi karo-karo, ni zan fara da nawa ko da ba makarantar 'ya'yana ba ce.

Malama Zulai:
Ƙwai ya yi tsada, ba kowane yaro ake ba kuɗin da zai saya ba, amma gyaɗa da aya da ɗanwake za su tafi. Zan same su gobe bayan an tashi in ji ta bakinsu tukuna, kada a yanke musu hukunci ba sa nan. Anti Likita, in shugabar makaranta ta amince, za ki iya zuwa ki yi wa iyaye bayanin nan da kanki?

Anti Likita:
In Asabar ce zan zo in sha Allah, ki turo min ranar ta akwatin sirri. Ki ce a gayyato kakanni da iyaye maza, kada a tara mata zalla, don ledar dare uba ne ke shigowa da ita. Masu tallar ma a ba su kujera a ciki.